Taswirar Malama Delu

Malama Delu ta ja layi da alli a kan taswira:
"Nan gawo ya ja birki. Wa ya tare shi?"
Muka yi tsit. Fanka ma ta tsaya, an ɗauke wuta.

Ran Asabar muka cika bas sai Kagoro.
Ina ƙirga kuka ta taga:
goma sha ɗaya kafin Kujama,
uku bayan Kaciya,
sai kwakwar manja ta fara leƙowa daga kurmi,
iska ta yi nauyi da raɓa.
Babu shinge, babu mai karɓar haraji,
amma kowace bishiya ta san inda ruwanta ya ƙare.

Dogon-yaro baƙo ne, in ji ta,
ya zo ya miƙe ƙafa har ya manta hanyar gida.
Kada kuwa, da ya ara wa garin nan suna,
sai a kududdufin siminti nake ganinsa, yana hamma.

Da yamma na tsaya kan gada.
A Kakuri aka yanke cibiyata,
dare ɗaya Baba ya kwaso mu zuwa Tudun Wada.
Su Yohanna kuma suka bi ɗaya gefen da katifa a ka.
Damina ɗaya ke jiƙa mu har yau.

Balbelu suka wuce ta kaina, ba su tambayi kowa ba.

A jarrabawa, tambaya ta huɗu:
me ke hana halitta ƙetare kogi?
Na rubuta zurfi, faɗi, rashin fiffike.
Sauran layin na bar shi fari.