Kujerar Dama

A gida an ce mini:
babba na magana, ido a ƙasa.
Kyaftin Dalyop ya ce,
"Sabi'u, ajiye wannan ladabin a matakala.
A nan kunya kan kashe mutum ɗari."

Wata uku muna mayar wa juna lambobi,
kamar masu ƙirga kuɗin gado.

Ran da hadari ya haɗiye duwatsun Jos,
muna gangarowa Heipang,
allura ta zame.
Yawuna ya ƙafe.
"Kyaftin, mun yi ƙasa. Mu tashi."
Furfurarsa ba ta yi gardama ba.
"Na ji. Mun tashi."

Da muka sauka bai ce uffan ba.
Ya raba soyayyen dankalinsa biyu,
ya turo mini mai yawan.