Littafin da Bangonsa Ya Cire

A Rafindadi na saye shi, sule uku,
wurin Malam Sallau mai baza littattafai a kan buhu.
Bango ya cire, shafin farko ya sha manja.
Shekarata sha uku, Turancina na rarrafe.

Labarin wasu yara ne da aka tsinto ɗaya-ɗaya
kamar mai zaɓen iri a cikin damin gero,
aka zuba su a jirgi, aka wuce gajimare, aka wuce wata.
Wai duniya na cikin haɗari,
janar-janar sun ƙare dabara,
sai ƙwaƙwalwar da ba ta yi tsatsa ba.

Ba zan yi butulci ba,
littafin nan ya yi mini rana.
Ni ne yaron da ke gama lissafi kafin malam ya ajiye alli,
ni ne kuma wanda ake tarewa a bayan aji saboda hakan.
Sai ga takarda tana ce mini: ba kai kaɗai ba ne.
Marubucin ya san ciwon nan sarai.
Ya san yaro na da fushi irin na manya,
da dabara, da kunya, da daren da barci ke ƙaura.
Bai yi mana gwaranci ba.
Nakan hau soron gidanmu da fitilar ƙwai,
in jera taurari sahu-sahu bisa hasumiyar Gobarau,
ina ba su umarni.

Shekara kusan hamsin ke nan.
Bara na miƙa wa jikata Hindatu,
wadda ke gyara mini lissafin fansho da ka.
Kwana biyu ta dawo da shi, ta ajiye bakin tabarma.

Ta ce, Kaka, ya yi daɗi.
Amma uwar yaron fa?
Shafi biyu aka ba ta, ta yi kuka, ta ɓace.
Na ƙirga matan jirgin: guda ɗaya,
ita ma aikinta yi masa sannu.
Abokan gaba kuwa ko suna ba su da shi.
An ce dai suna da yawa, an ce ba sa jin magana.
Wa ya je ya yi musu sallama suka ƙi amsawa?

Na ce, yarinya, yaƙi ne fa.

Ta ce, to manyan da suka ƙulla shi,
yaya hannunsu ya fita fes
aka bar yaro da amai cikin dare?
Kuma kullum shi ne mai gaskiya.
Ko haƙarƙarin wani ya karya,
littafin ya riga ya ɗebo ruwan wanke shi.

Na yi shiru. Mannir ya faɗo mini a rai,
wanda ya fi ni kai a ajinmu, nesa ba kusa ba.
Yana sha biyu aka ɗauke shi makarantar soja,
muka raka shi tasha muna ƙyashin takalminsa.
Ya dawo da anini a kafaɗa.
Yau yana Ƙofar Marusa, ƙarar ƙyaure na firgita shi,
ya daina dara,
shi da ba a taɓa cinyewa ba.
Littafina ya ƙare ranar da aka yi tafi.
Na Mannir daga nan ya soma,
ba wanda ya rubuta.

Ban ƙona shi ba, ban kuma ɓoye ba.
Na sa zare na ɗinke bayansa,
don har gobe wani yaro zai buƙace shi
a bayan wani aji.
Hindatu dai ta ɗauki fensir
ta cika gefen shafuka da tambayoyi.
A shafi na casa'in, inda janar ya dafa kan yaron
yana lissafa masa jiragen da suka rage,
ta rubuta da ƙananan baƙaƙe:

Ya ci abinci kuwa?