Idon da Na Kafa a Ƙofar Babana

Ranar Asabar na hau tudun Valparaíso,
matakala ɗari da sittin da uku,
kwali a hammata, tsanin aro a kafaɗa,
iskar teku tana yi mini wasa da gashi.

Sati biyu ke nan da aka wayi gari ƙofa a buɗe.
Babu rediyo, babu agogon hannu,
wanda tashar jiragen ruwa ta ba Evaristo, babana,
ranar da ya ajiye aiki.
Mai kafa na'ura ya faɗi kuɗinsa, na yi dariya.
Na ce hannun da ya haɗa gadajen 'ya'ya uku
sukuru takwas ba sa gagarar sa.

Takardar bayani tana magana da harsuna goma sha ɗaya,
amma ko ɗaya bai san bangon gidanmu ba:
waje kwano, ciki laka da katako,
gishiri ya lasa, tsatsa ta cinye.
Na ɗora inji, ya wuce kamar a cikin burodi.
Na matsa taki guda na sake hudawa.
Baba yana riƙe da ƙafar tsani:
"Ximena, a karkace yake."
"Ba shi ba ne, Baba, gidan ne."
Tun babbar girgizar ƙasa
babu abin da ya miƙe sosai a unguwar nan.

Kyamara a saman ƙofa, ido ɗaya ba ƙiftawa.
Sai 'yan maganaɗisu biyu,
ɗaya jikin ƙyaure, ɗaya jikin bango,
suna kwana kafaɗa da kafaɗa,
in an raba su sai kuka.
Lambar sirri kuwa shekarar da ya auri Mama,
ya ce wannan ko a kabari yana iya faɗa.
Na gwada jiniya, karnukan tudu suka ɗauka,
Fresia ta leƙo ta taga da ludayi a hannu
tana tambaya ko gobara ce.

Na sauka gida, na ajiye waya kusa da matashi.
Daren farko kyanwa ce.
Na biyu ƙasa ta ɗan yi miƙa,
hoto ya yi rawa, ya nutsu.
Na uku ban ga kowa ba sai hazo.

Daren Laraba, uku da minti goma,
waya ta ce an buɗe ƙofa.
Jiniya ba ta yi kuka ba.
Daga ciki aka buɗe, an danna lamba daidai.

Ga shi nan cikin rigar aiki da silifa,
kwanon abinci a hannun hagu,
agogon nan ɗaure a wuyan hannu.
Yana kallon fitilun tasha can ƙasa,
zai tafi aikin dare
da aka tashi daga shi shekara goma sha tara.

Na danna 'yar lasifikar da na kusa mantawa da ita.
"Yau babu aiki," na ce.
Ya ɗaga kai, ya nemi inda muryar take,
ya cire hula.
"Leonor?"

Shekara shida Mama tana ƙarƙashin ƙasa.
Na haɗiye abin da ya tokare mini wuya,
na ara muryarta, ko ita ta ari tawa:
"Koma ciki, tsoho, akwai sanyi."
Ya koma. Maganaɗisu suka sake haɗuwa.

Na zauna bakin gado har gari ya waye,
ina juya takardar nan shafi shafi.
Akwai batun batir, akwai batun ruwan sama,
babu layi ɗaya a kan ɓarawon
da ke kwasar gida bai taɓa ƙyaure ba.

Asabar na sake hawa, ɗari da sittin da uku.
Na sassauta sukuru biyu,
na sunkuyar da idon ya kalli matakala.
Wannan karon ban ari tsani kaɗai ba,
na ce wa Fresia ko tana da katifa.