Milimita Uku

Watan Mayu a Delhi, kwalta kan yi laushi a ƙarƙashin takalmi,
tantabaru su bar rufi su laɓe a inuwar tankin ruwa.
Ita kuwa kwamfutata, da na ɗora mata zanen bene mai hawa tara,
sai ƙwaƙwalwarta ta haura digiri casa'in,
ta yi gurnani, ta ɗauke wuta,
aikin dare biyu ya bi ruwa.

Kakana Omprakash yana kwance a gadonsa na igiya,
taku uku ne tsakaninsa da teburina.
Shekara talatin da ɗaya ya yi a ƙarƙashin kan jirgin ƙasa a Tughlakabad,
ya san zazzaɓin ƙarfe tun ba a haifi uwata ba.
Ya ɗora bayan hannu a kan akwatin
kamar mai taɓa goshin jinjiri.
Ya ce, "Numfashinta ne ya gaza. Gobe sai kasuwa."

Nehru Place. Wayoyi sun sarƙe a sama,
'yan kamasho suna jan hannun rigata.
Shagon Tejinder mai shuɗin rawani bai fi tabarma biyu ba.
Ya fara da mai ruwa: famfo, tiyo, fitilu masu sauya launi.
Kaka bai ko miƙa hannu ba.
"Duk inda ruwa ya bi, wata rana sai ya yi yoyo."
Tejinder ya yi dariya har gemunsa ya girgiza,
ya taka kujera, ya sauko da masu iska.

Ga babbar nan, hasumiya biyu, fanka biyu,
bututun jan ƙarfe shida sun lanƙwashe kamar ƙahon rago,
nauyinta ya ɗara kilo.
Raina ya biya. Har na fara lissafin rupi dubu bakwai,
da abin da zan daina ci kafin ƙarshen wata.

Sai Kaka ya zaro zare daga aljihu.
Ashe tun asuba ya auna zurfin akwatin, ya yi ƙulli.
Ya miƙe zaren a jikin hasumiyar.
Ƙullin ya tsaya, ƙarfen ya wuce
da milimita uku.
Na ce, "To a bar murfin a buɗe mana."
Ya ce, "Ƙurar Delhi tana godiya."

Ƙaramar ba ta da kwarjini,
hasumiya ɗaya, bututu huɗu, launin toka.
Tejinder ya jona mata wuta.
Kaka ya yagi gefen rasit, ya riƙe a bayan haƙarƙarinta,
takardar ta kaɗa, ta ci gaba da kaɗawa.
Ya kanga kunnensa mai ji, na dama, ya daɗe.
Dubu biyu da ɗari huɗu. An rage mana ɗari,
an haɗa da shayi a kofin ƙasa.

A gida na ɗiga man, daidai ƙwayar wake.
"Ɗaure nan, ki tsallaka can, kamar tayar mota,
kada wata kusa ta fi 'yar'uwarta."
Na kunna. Casa'in da biyu!
Na kwance duka, gumi yana shiga min ido,
sai ga ledar da ke manne a gindin jan ƙarfen,
ban ɓare ta ba.
Kaka ya kalli silin. Bai ce uffan ba, na kuma gode masa.

Sittin da takwas.
Benena ya tashi hawa-hawa har na tara.

Ƙarfe biyun dare, ɗakin tsit,
sai haushin kare can wajen gada.
Gadon igiya ya yi ƙara.
"Kashe ta kika yi?"
"Aiki take, Kaka."
Ya juya, ya sake juyawa, ya gyara matashi.
"Ni ban iya barci a inda inji ba ya magana ba.
Tashi ki kunna min fankar sama."