Hana-Noma a Dadin Kowa

Da hantsi na sauka lambu da garma,
Ruwan dam yana biyo lambatu,
Ina buɗe wa albasa bakin kwami,
Sai ga ki kan kunya, 'yar baƙuwa.

Cikinki rawaya, ƙwanduwar ƙwan zabo,
Bayanki toka da ɗan kore-kore,
Farin zane a kan ido, kamar alli,
Ƙafa tsinken tsintsiya, har da rawa.

Ba kya tsalle irin na gwara,
Taku kike ɗai-ɗai, sai ki ruga,
Ki cafke ƙuda, ki tsaya cak,
Wutsiya sama, wutsiya ƙasa,
Kamar mai awo tana girgiza mudu a kasuwa.

Baffa ya ce sunanki hana-noma,
Wai mai kallonki yakan mance fartanya.
Na yi musu a lokacin, ina yaro.
Yau ga ruwa ya karya mini kunya,
Ya shige tumatirin Gidaɗo,
Yana ta faɗa, ni ko ina ta kallon kwankwasawa.

Da azahar shanun Barkindo suka gangaro,
Kika bar ni, kika shiga tsakanin kofatai.
Duk ƙwaron da bijimi ya tayar naki ne,
Ba ki tsoron taku, ba ki tsoron ƙaho,
Balbela ma sai ta matsa miki, kina wucewa.

Hatsi bai dame ki ba, na shaida,
Tsutsar kabeji ce tuwonki.
Magariba ta yi, ku taru cikin kacala,
Ana tsit, tsit, har duhu ya rufe ruwa.

Abu ɗaya dai ya tsaya mini a rai:
Ban taɓa ganin sheƙarki ba,
Ko ƙwanki, ko ɗanki yana buɗe baki.
Hadarin farko na haɗuwa a gabas,
Sai a wayi gari kin yi ɓatan dabo, ba sallamawa.

Manu ya dawo makaranta ya ce mini
Hamada kike ketawa, har da teku.
Na dubi ƙirjinki, bai kai lemon tsami ba.

Ƙanena Sa'adu ya bi wannan hanya,
Da jaka da takalmi sabo,
Rani shida ke nan, ba wasiƙa.
Ke ko duk kaka sai kin dawo,
Kan kunyar nan, kusa da rijiya.
In kin tashi bana, ki duba ƙasa,
Dogo ne, yana ɗan ɗingisawa.