Kacala a Arkata

Ƙarfe shida, hazon teku bai ɗaga ba,
ni da Wendell muna kan gadar katako
da kwalabe goma sha biyu a bokiti.
Duk abin da Arkata ta wanke jiya ya iso nan:
kumfar sabulu, ruwan kwanuka,
da abin da ba a faɗa a gaban abinci.

Kacala ce ke tarbarsa.
Na san ta tun Nguru,
inda babana ya ƙarar da lauje uku a wuyanta
yana tsine mata, ta toshe wa kwalekwale hanya.
A nan kuwa ma'aikaciya ce.

Na karya kara ɗaya na leƙa:
ciki 'yan ɗakuna ne, fanko,
ta nan take zura iska zuwa saiwa
cikin baƙar laka marar numfashi.
Ƙwayoyin da ido ba ya gani sun tare a gindinta,
ta ba su iska, su cinye ƙazanta,
ba mai bin wani bashi.

Inda ruwan ya fi kauri, bakin ganyenta ya ƙone.
Ta gajarce. Ba ta tashi ba.

Wendell ya ɗaga kwalbar ƙarshe wajen haske,
ya gyaɗa kai. Agwagwa ta ratsa ta gabanmu.

Anjima zan kira Baba.
Ban san ta inda zan fara ba,
ko zai yarda akwai garin
da ake biyan ɗansa albashi don ya duba lafiyarta.