Gado na Huɗu, Gado na Tara

Ruwa na dukan kwanon asibitinmu a Iloilo,
mu goma sha bakwai an tara mu a ɗakin taro,
fanka ɗaya, ita ma tana ɗingishi.
Saura mako shida masu tantancewa su iso daga Manila
su duba ko mun cancanci takardar shaidar inganci.

Wadda aka turo ta horar da mu, Marife Tolentino,
na isa in haife ta.
Ta shafa mana wani mai a hannu,
ta ce mu je mu wanke yadda muka saba,
sannan ta kashe wuta, ta haska wata shuɗiyar fitila.
Ga tsakanin yatsuna yana ƙyalli,
ga gindin farce, ga bayan babban yatsa.
Shekara ashirin da shida ina wanke hannun nan,
ashe rabinsa nake wankewa.
Na yi dariya don kada a ga kunyata.

Rana ta biyu, awarwaron suna.
Kafin allura, kafin ƙwaya, kafin ledar jini,
ki tambayi suna da ranar haihuwa
ko da kin san mutum kamar yunwar cikinki.
Na ce a raina, yau kifi ake koya wa iyo.

Rana ta uku ta rufe littafi, ta zauna bisa tebur.
"Wa ya taɓa kuskure a cikinku?"
Shiru. Fanka. Ruwa.
Dakta Salcedo ya tsura wa takalminsa ido.

Ban san sa'ad da hannuna ya tashi ba.

Daren guguwa ne, wuta ta ɗauke, inji ya ƙi tashi,
ni kaɗai da tocila da gado talatin.
Crisanto Dalisay guda biyu a ɗaki ɗaya:
na gado huɗu masunci ne daga Guimaras,
na gado tara direba, mai ciwon suga.
Na kira sunan cikin duhu, aka amsa,
na yi allurar.
Wanda ya amsa ba shi ba ne.
Gumi mai sanyi, ido ya juye,
matarsa na jijjiga shi tana kiran Budurwa Maryamu.
Da ruwan suga a jijiya muka jawo shi
daga inda ni na tura shi.
Ranar sallama ya kawo mini mangwaro cikin kwando
yana godiya na ceci ransa.
Na karɓa. Ban iya sha ba.
Ban rubuta ko harafi a littafin rahoto ba.
Shekara goma sha ɗaya ina goyon kwandon nan.

Na jira a nuna ni da yatsa.
Marife ta ɗauki alli ta ce,
"Ba wanda ya faɗa ramin muke nema ba,
ramin muke nema."
Sai bakuna suka buɗe.
Mai haɗa magani ya faɗi nasa, kwalabe biyu masu kama,
Dakta Salcedo ya bar takalminsa ya faɗi nasa.
Har magariba allon ya cika da ramuka,
muna cike su ɗaya ɗaya:
masu suna ɗaya ba sa kwana ɗaki ɗaya,
jan tambari a awarwaro,
tocila mai caji a kowace durowa.

Sabo turken wawa, ni na daɗe a ɗaure.

Masu tantancewa za su zo, su ƙirga, su tafi.
Wataƙila a rataya takarda a bango kusa da agogo.
Daren jiya na tsaya gaban tsohuwa Consolacion,
wadda ta san ni tun ina ɗaliba.
Na ce, "Faɗa mini sunanki da ranar haihuwarki."
Ta ce, "Perlita, ko kin zare ne?"
Na ce, "Faɗa dai."
Ta faɗa tana tsaki.
Na duba wuyan hannunta, na duba kwalba,
na sake dubawa,
sannan na ce ta miƙo hannu.